Me Ya Sa Fenti Ke Ɓarewa A Jikin Zaren Kabon?

Zaren kabon, wanda ake ƙera kekunan tsere da jikin jirgin Boeing 787 da shi, zaruruwa ne da suka fi gashi siranta, an daskarar da su cikin gam ɗin epoksi. Wajen ƙira, ana shafa wa mazubi kaki ko silikon don kada kayan ya manne. To, wannan maiƙon yakan biyo kayan, kuma shi ne ke hana fenti kamawa.

Shi ya sa wanki ke zuwa kafin samfefa. In ka fara da guga, ka cusa maiƙon cikin ƙarzunan ke nan. Wanke da sabulu, ka goge da alkohol na isopropil, sannan ka bi da samfefa mai lamba 320 a hankali har sheƙin ya dushe. Da zarar ƙurar ta koma baƙa, dakata. Ka taɓo zaren, kuma ƙarfin kayan ne kake ragewa.

Daga nan watsa ruwa ka gani. In ya bazu, wurin ya tsabtata. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. Bayan ya bushe, cike ƙananan ramuka da filar epoksi, ka sa firaima, sannan fenti. Kar ka manta da takunkumi, domin ƙurar na cutar da huhu.