Amsoshin Takardunku: Hoton Wane Sarki Ne A Jikin Tsohon Kuɗin Azurfa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Sabon Birni, can wajen Gwarzo da Kabo. Ya ce ya tarar da wani tsohon kuɗin azurfa a adakar kakarsa, wani dillali ya ce masa hoton Sarkin Rum ne, har ya taya. Shin wane sarki ne, kuma ya sayar?

To Malam, kada ka yi gaggawa. Fara duba abu uku: girma, shekara, da rubutun da ya kewaye kan.

Kuɗin azurfar Rumawa, wato "denarius", wanda daga sunansa aka samo kalmar dinari, ɗan ƙarami ne, nauyinsa bai wuce giram 4 ba. Ba a buga masa shekara da lambobi irin namu. Sunan sarki na zagaye da kansa, tare da haruffa irin su IMP da AVG, waɗanda laƙabin sarauta ne.

Amma in naka babba ne mai nauyin giram 28, bayansa da gaggafa mai kai biyu da shekarar 1780, to liyari ne. Hoton ba na namiji ba ne, na Mariya Tereza ne, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Za ka ga M. THERESIA, sannan R. IMP., wato "Sarauniyar Rumawa", laƙabin da ta samu ta wajen mijinta. Ka ga inda dillalin ya ɗauko zancen Rum ke nan.

Fatake ne suka riƙa shigo da liyari ƙasar Hausa. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ana canjin ɗaya a kan wuri 2,500. Sai dai kada shekarar ta ruɗe ka: an ci gaba da buga shi da 1780 har bayan rasuwarta, a Biyana, Landan, Faris da Bombai. Saboda haka yawanci darajarsa ta azurfarsa ce, kimanin kashi 83 cikin 100.

Shawararmu, kada ka goge shi da toka ko yashi, don yana kashe rubutun. Gwada shi da mayen ƙarfe, azurfa ba ta kamawa. Ka sa maƙerin farfaru ya auna a gabanka, ka kuma nuna wa ma'aikatan Gidan Makama a Kano kafin ka sallama.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Sabon Birni.