Mene ne bututun kabon mai haska cikin jiki?

Nanotub, da ake yawan ji a labaran kimiyya, siririn bututu ne na zallar sinadarin kabon. Kaurin irinsa mai haska bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, wato ya fi gashin kai siranta sau dubbai. Sumio Iijima na Japan ne ya fito da shi fili a 1991.

A 2002 masana a Jami'ar Rice ta Amurka suka gano cewa idan aka raba bututun ɗaya-ɗaya aka haska su, wasunsu kan mayar da haske. Idan suka dunƙule kuwa, hasken ya mutu. Ido ba ya ganin wannan haske, sai kyamara ta musamman, domin infirared ne, wanda ke gaba da launin ja.

Amfaninsa a nan yake: fata da tsoka ba sa tare shi kamar hasken da muka saba, kuma ba ya dusashewa kamar rinin da ake sa wa ƙwayoyin halitta. A 2014 ayarin Hongjie Dai na Stanford ya yi amfani da wannan bututu ya ga jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwar ɓera ba tare da fasa ƙoƙon kai ba.

Marasa lafiya sai su ƙara haƙuri. Har yanzu ana binciken ko bututun yana cutar da jiki, kuma bai shiga asibiti ba.