Kwalliyar Injin Mota a Gida: Tsafta Ko Sheƙi?

Duk wanda ya bi hanyoyin karkara da ke tsakanin Damari, Faskari da Ƙanƙara ya san yadda cikin bonet yake komawa: ƙura da rani, laka da damina. Saboda haka masu mota kan keɓe rana su yi wa inji kwalliya a ƙofar gida, galibi kuma ɗalibai irinku ake sa wannan aiki. Wasu kan wanke injin da fetur, sa'an nan su shafe shi da baƙin mai don ya riƙa sheƙi. To, wannan kyan ɗan maciji ne.

Tururin fetur ya fi iska nauyi. Yakan kwanta a ƙarƙashin mota, tartsatsi guda ya isa ya tayar da gobara. Shi kuwa baƙin mai yana kumbura roba, ya raunana tiyo, ya sa fanbel santsi. Ƙura kuma ta manne masa, ta ɓoye wurin da inji ke yoyo.

Ainihin kwalliya ita ce tsafta, makaminta kuwa ruwan sabulu ne. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai biyu: ɗaya na kama maiƙo, ɗaya na kama ruwa. Da haka take ɗauke dattin da ruwa shi kaɗai ya gagara fitarwa.

Ga yadda ya kamata a bi. Da farko a bar inji ya huce sarai, domin zafinsa kan kai kimanin digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, ruwan sanyi kuwa na iya tsaga ƙarfe mai zafi. Sai a cire kan batir mai alamar ɗebewa kafin mai alamar tarawa. Dalili shi ne da jikin mota aka haɗa shi. Da zarar an cire shi, ko sifana ta taɓa ƙarfe ba za a ga tartsatsi ba. A rufe altaneta da akwatin fis da bakin shan iska da leda. A goge da buroshi da tsumma, a ɗauraye da ruwa kaɗan, a bari ya bushe.

Garin nan fari ko shuɗi da ke taruwa a kan batir aikin asid ne. A jiƙa kanwa a ruwan ɗumi a shafa masa. Kumfar da za a gani alama ce cewa kanwar na karya ƙarfin asid ɗin. Amma kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir, kuma a kiyaye ido.

Akwai wani baƙo da ya kamata a nema tun kafin a zuba ruwa, wato ɓera. Bayan an kai masara rumbu, a darerun hunturu, ɗumin inji yakan jawo shi ya yi sheƙa. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro muddin ransa, don haka dole ya riƙa gaigayar abu, har da wayoyin mota. Waya tsirara kuwa ƙofar gobara ce.

Haɗarin bai tsaya ga mota ba. Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa yana ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno a yau. Ta fitsarinsa da kashinsa take yaɗuwa. Idan an tarar da sheƙa, kada a share ta a bushe ko a hure ta da baki. A sa safar hannu, a rufe hanci, a jiƙa wurin da ruwan bilic, sa'an nan a kwashe. Kada bilic ya kusanci asid na batir, domin haɗuwarsu na fitar da iska mai guba.

Daga ƙarshe, a lura da inda ruwan wankin zai gangara. A yi nesa da rijiya da turken dabbobi. Koren ruwan da ake zuba wa lagireto yana da zaƙi, yana kuma lalata ƙoda, ga yaro ko ga akuya. Injin da ya bushe tas, wanda ɗigon mai guda zai nuna a jikinsa, shi ne ya sha kwalliya.