Raddi ga masu cewa in ba Plex ba sai rijiya

Duk wanda ya tara bidiyo a faifan ajiya, na biki da suna da tafsirin watan azumi da finafinan da ya saya, wata rana zai so ya riƙa kallonsu a talabijin da waya ba tare da yawo da filasha ba. Dabarar ita ce a ware kwamfuta ɗaya a gida ta zama rumbu, a ɗora mata manhajar da za ta jera bidiyoyin, ta riƙa aika su ga kowace na'ura. Da mutum ya nemi shawara kuwa, amsar da aka fi ba shi ita ce: "Ɗauki Plex kawai, Jellyfin kayan kyauta ne, araha ba ta ado."

Masu wannan magana ba su rasa hujja ba. Plex ta daɗe a fagen, tun 2008 ake kiranta da wannan suna. Saitinta da sauƙi, ana samunta a kusan kowace talabijin ta zamani, kuma ta sauƙaƙa wa mutum kallon bidiyonsa ko yana wani gari. Amma ina roƙon 'yan'uwa su sake duba maganar ta fuska uku.

Ta farko, asali. Plex kanta daga manhajar kyauta ta fito, wato XBMC, wadda aka sauya wa suna zuwa Kodi a 2014. Jellyfin kuwa 'yar Emby ce, wata manhaja mai irin wannan aiki. A Disambar 2018, da masu Emby suka rufe tushen manhajarsu, sai wasu masu aikin sa-kai suka ɗauki sigar da ke buɗe suka ci gaba da gina ta. Aiki mafi nauyi a wannan harka shi ne sauya tsarin bidiyo nan take idan talabijin ko waya ta kasa karanta shi, kuma Plex da Emby da Jellyfin duk da manhajar FFmpeg suke yin sa, ita ma kyauta ce. In da kyauta aibi ce, da ya shafi kowa.

Ta biyu, kuɗi. A Afrilun 2025 Plex ta ƙara farashin tsarinta na biya, wato Plex Pass: na wata ya tashi daga dala 4.99 zuwa 6.99, na biya sau ɗaya kuma daga dala 119.99 zuwa 249.99. A lokacin ne kuma ta mayar da kallo daga wajen gida abin biya, alhali bidiyon naka ne, kwamfutar taka, data ma taka. Haka nan idan kana son sashen hoto na kwamfutarka, kamar Quick Sync na Intel, ya ɗauke nauyin sauya bidiyo, sai ka biya a Plex da Emby. A Jellyfin ko sisi. Wanda ke samun naira ko sefa ya san abin da biyan dala ke nufi.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Plex tana buƙatar asusu a wurin kamfanin, can ake tantance ka. Idan intanet ta ɗauke, kana iya rasa hanyar shiga bidiyon da ke ɗakinka, sai in tun farko ka yi saitin da zai bar na'urorin gida su shiga kai tsaye. A Agustan 2022 ma an yi wa kamfanin kutse, ya umarci jama'a su sauya kalmar sirri. Jellyfin a kan kwamfutarka take ajiye asusun kowa. Muddin akwai wuta da waifai na cikin gida, kallo ba zai tsaya ba ko sabis ya ɓace kwana uku.

Jellyfin ma tana da nata rauni. Kallo daga nesa sai ka haɗa da kanka, da taimakon irin su Tailscale, kuma manhajarta a wasu talabijin ba ta kai ta Plex kyau ba. Mai yawan tafiya, wanda ba ya son wahalar saiti kuma yana da halin biya, Plex ta dace da shi. Wanda yawancin kallonsa a gida ne, Jellyfin ta ishe shi.

Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar su biyun, su riƙa karanta bidiyoyi daga wuri guda. Ka ɗora su, ka cire intanet, ka kunna talabijin, sannan ka yanke hukunci.