Rage Ƙiba Cikin Gaggawa: Amfani Da Haɗarin Abinci Mai Ƙarancin Kalori

Cinikin kayayyakin rage ƙiba yana daga cikin harkokin da suka bunƙasa ƙwarai a duniya, sakamakon ƙaruwar masu fama da nauyin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma kason manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A cikin hanyoyin da ake tallatawa, wadda ta fi saurin zubar da nauyi ita ce ta barin abinci na yau da kullum gaba ɗaya, a koma shan wani gari da ake damawa da ruwa, ko wata miya ta musamman, na tsawon makonni. Wannan hanya ta taɓa hallaka mutane, ta kuma taimaka wa waɗansu masu ciwon sukari suka ajiye magani. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa, ko yana sayen waɗannan kaya don kansa ko yana shigo da su don sayarwa, ya san abin da ya bambanta sakamakon biyu.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Akasari namiji baligi yana bukatar kimanin kalori 2,500 a rana, mace kuwa kimanin 2,000. Abin da likitoci ke kira abinci mai ƙarancin kalori ƙwarai shi ne wanda bai wuce kalori 800 a rana ba. Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi, cokali babba ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kalori wajen 120, kwalbar lemo ta santilita 35 tana da kusan 150, sannan dafaffiyar shinkafa giram 600 ba tare da miya ba ta cinye kason yinin duka. Mai bin wannan tsari yakan rasa kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a kowane mako, kuma wani kwamitin ƙwararru na Amurka ya bayar da rahoto a 1993 cewa matsakaicin abin da ake rasawa cikin mako 12 ya kai kilo 20.

Abin Da Ya Faru A Amurka

A shekarar 1976 wani likita mai suna Robert Linn ya wallafa littafi a Amurka yana kira ga masu ƙiba da su daina cin abinci, su dogara da wani ruwan furotin wanda ke ba da kalori 300 zuwa 400 kacal a rana. Littafin ya yi kasuwa sosai, kamfanoni da yawa kuma suka shiga yin irin wannan ruwa. Da fatun dabbobi da jijiyoyi da sauran tarkacen mahauta ake haɗa shi, wato dai irin furotin ɗin da ke cikin ganda. Wannan furotin ba cikakke ba ne, domin ya rasa wani sinadari da jiki ba ya iya yi da kansa, ga shi kuma ba a zuba isassun gishirai irin su fotasiyam a cikin ruwan ba.

Daga 1977 sai rahotannin mace-mace suka fara isa ga hukumomi. An binciki mutuwar mutum kusan 60, aka tarar 17 daga cikinsu ba su da wata cuta in ban da ƙiba, kuma dukkansu rikicewar bugun zuciya ce ta kashe su farat ɗaya, bayan sun shafe wajen wata biyar a kan tsarin. Dalilin a fili yake. Idan jiki bai sami furotin mai kyau ba sai ya koma cin tsokarsa, ita kuwa zuciya tsoka ce. Haka kuma bugunta ya dogara ne da daidaiton fotasiyam da magniziyam a cikin jini. A 1984 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin irin waɗannan kaya, cewa rayuwa a kan ƙasa da kalori 400 a rana tana iya jawo mummunar rashin lafiya ko mutuwa, kuma kada a yi ba tare da kulawar likita ba.

Masana'antar ta gyara kayanta, ta koma amfani da furotin na madara da ƙwai da waken suya, tare da ƙara bitamin da gishirai. Kasuwa ta sake buɗewa a watan Nuwamba na 1988, lokacin da shahararriyar mai gabatar da shirin talabijin Oprah Winfrey ta fito gaban masu kallo tana jan ƙaramin amalanke ɗauke da kitse laba 67, kimanin kilo 30, daidai nauyin da ta rasa ta hanyar shan Optifast. Daga baya nauyin ya dawo mata, kamar yadda ita da kanta ta sha faɗa. A 1991 Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanoni uku na irin wannan abinci da yin tallan da ba su da hujjarsa game da rashin haɗari da ɗorewar sakamako.

Illolin Da Suka Rage

Ingantaccen garin zamani, idan likita yana sa ido, ya rage haɗarin mutuwar farat ɗaya ƙwarai da gaske. To amma akwai illolin da har yanzu ke tare da shi. Ƙananan sun haɗa da jiri da kasala da ciwon kai da taurin bayan gida da warin baki da jin sanyi, waɗansu kuma gashinsu yakan zube bayan 'yan watanni. Galibin waɗannan sukan wuce.

Babbar illar da aka fi sani ita ce tsakuwar matsarmama. Yayin da jiki ke narkar da kitse da sauri, hanta takan tura kwalastarol mai yawa cikin ruwan matsarmama. Ita kuwa matsarmama maiƙon abinci ne ke sa ta matse ta fitar da ruwanta, don haka idan babu maiƙo sai ruwan ya kwanta ya daskare. Bincike ya nuna cewa kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na masu bin tsarin sukan yi tsakuwa, ko da yake ba kowacce ke sa ciwo ba. Wani nazari da aka yi a Suwidin, wanda aka buga a 2014, ya gano cewa masu rayuwa a kan kalori 500 sun fi masu cin 1,200 zuwa 1,500 zuwa asibiti saboda tsakuwa da wajen ninki uku. Sanya maiƙo giram bakwai zuwa goma a abincin yini yana rage wannan haɗari, kuma akwai maganin da likita kan bayar domin rigakafi.

Haɗari mafi kusa kuwa yana kan masu shan magani. Wanda ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar glibenclamide, idan ya rage abinci haka kwatsam ba a rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan maganin hawan jini, musamman ƙwayoyin da ke sa fitsari, jininsa na iya sauka ya yanke jiki ya faɗi idan ya miƙe tsaye. A makon farko jiki yana zubar da ruwa da gishiri masu yawa, abin da ya fi tsanani a lokacin bazara a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40. Ɗan kasuwar da ke yini a rana ko yake tuƙa mota tafiya mai nisa ya kamata ya yi la'akari da wannan.

Akwai kuma waɗanda ba a yarda su bi tsarin ba: mai juna biyu, da mai shayarwa, da yara, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai tsananin ciwon ƙoda ko hanta, da mai lalurar ƙin cin abinci. An tanade shi ne ga mai ƙiba sosai, wanda ma'aunin nauyinsa da tsawonsa ya kai 30, alal misali mutum mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 87 ko fiye. A Birtaniya ƙa'idar ita ce kada a wuce mako 12.

Inda Ya Yi Amfani

A watan Disamba na 2017 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta, a kan mutum wajen 300 masu ciwon sukari irin wanda ke kama manya. An sa rabinsu a kan kalori 825 zuwa 853 a rana, wato sama da 800 kaɗan, na wata uku zuwa biyar. Bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, alhali a ɗaya rukunin kashi 4 ne kawai. A cikin waɗanda suka rasa kilo 15 ko fiye, adadin ya kai kashi 86. Bisa wannan sakamako hukumar lafiya ta Ingila ta fara bayar da tsarin kyauta ga majiyyata a 2020.

Abin lura shi ne yadda aka gudanar da gwajin. Tun ranar farko aka dakatar da magungunan sukari da na hawan jini, ana auna majiyyata a kai a kai, sannan aka dawo da su ga abinci sannu a hankali cikin makonni, aka ci gaba da ganinsu kowane wata. Duk da wannan kulawa, a shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36.

Wannan saukowa ita ce raunin tsarin. Wani nazari na 2006 da ya tattara gwaje-gwaje shida ya nuna cewa da farko masu ƙarancin kalori ƙwarai sun rasa kashi 16 cikin ɗari na nauyinsu, masu rage abinci a hankali kuma kashi 10. Amma bayan shekara guda ko fiye sai tazarar ta kusa shafewa, kashi 6 da kashi 5. Jikin da ya rame yana ƙona kalori kaɗan, yunwa kuma tana ƙaruwa, saboda haka wanda ya koma cinsa na da zai koma nauyinsa na da. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Wanda zai kashe kuɗi a kan garin wata uku ya kamata ya sa kuɗin gwajin jini da ganin likita, da kuma shirin shekarar da za ta biyo baya, a cikin lissafinsa.

Ga Masu Shigo Da Kaya

Akwai ma'aunin da mai shigo da irin wannan abinci zai duba. Ƙa'idar da hukumar Codex, mai tsara ma'aunin abinci ta duniya, ta fitar a 1995 ta tanadi cewa kason yini ya kasance tsakanin kalori 450 da 800, da furotin mai inganci aƙalla giram 50, da sitaci ko sukari aƙalla giram 50, kuma a yi amfani da shi ƙarƙashin kulawar likita. Tarayyar Turai ta ƙara tsaurarawa a dokar da ta fara aiki a 2022, inda ta sa mafi ƙarancin kalori 600 da furotin giram 75. A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin yi wa kayan abinci da magunguna rajista kafin a sayar da su. Rajistar tana nufin an amince a sayar da kayan, ba ta ɗauke wa mai saye bukatar ganin likita ba.

Wajibi ne kuma a bambanta wannan abinci da shayin rage teɓa da ƙwayoyin da ake tallatawa a kasuwa. Da yawansu maganin sa gudawa ne ko sa fitsari, abin da suke zubarwa ruwa ne. An sha kama waɗansu a ƙasashe daban-daban an cuɗa su a ɓoye da sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya haɗa irin wannan shayi da ƙarancin abinci, ko ya tsara wa kansa rayuwa a kan ruwan zafi da lemon tsami da kokwamba, ya sake maimaita kuskuren 1977 ne, wato ƙarancin furotin tare da zubewar fotasiyam.

Likitoci na ba da shawarar cewa mai son rage ƙiba wanda ba shi da wata lalura ta gaggawa ya rage kalori 500 zuwa 600 daga cinsa na yini, abin da kan zubar da kimanin rabin kilo a mako. Barin kwalbar lemo biyu da cokali biyu na mai a rana ya isa ya cike wannan adadi. Wanda kuwa likita ya ga ya cancanci tsarin gaggawa, sai a fara da auna jininsa da ƙodarsa da bugun zuciyarsa, a daidaita magungunansa, a kuma sa ranar da zai daina tun kafin ya fara.