Kare Gidan Ƙasa Daga Laima: Makewayi da Madafa

Ginin ƙasa yakan yi ɗaruruwan shekaru in an kula da shi. Gidan Makama da ke Kano shaida ne. Abin da ke kayar da shi ba ruwan da ya wuce ba ne, ruwan da ya kwanta ne. Makewayi da madafa kuwa su ne inda ruwa ya fi kwanciya a gida.

Idan ruwan wanka ya taru a gindin bango, ƙasa takan tsotse shi, ta yi laushi, ta riƙa zaizayewa. Irin wannan bango ne yake rufta wa iyali idan damina ta kankama a watan Agusta.

Saboda haka wajibi ne maigida ya daɓe makewayi da siminti, a karkata daɓen wajen rariya, a ja rariyar nesa da gini zuwa rami mai tsakuwa. Simintin ya hau gindin bango kamar ƙafa ɗaya. Amma kada a shafe bangon duka da shi, domin yakan tsare laima a ciki, daga baya ya ɓamɓare. Makuba, wadda ake yi da kwasfar ɗorawa, ta fi dacewa, muddin ana sabunta ta.

A madafa kuma, a huda taga kusa da rufi domin tururi da hayaƙi su fita. Randa takan yi naso, sai a ɗora ta bisa duwatsu nesa da bango. Ruwan wanke-wanke a zuba shi a rariya.

Duk tsagar da aka gani, a yaɓe ta tun kafin ruwan fari.