Injin Starlet: ƙura da zafi ke kashe shi, ba tsufa ba

Duk mai jiran taksi a bakin titin Yamai ya san Toyota Starlet. Tun 1999 aka daina ƙera wannan samfurin, amma har yau da ita magidanta da dama ke ciyar da iyali.

Injin 2E da ke cikin da yawansu ƙarami ne: silinda 4, cc 1,295, yana shan isansi ta karbirato. Gyaransa ba wuya, sai dai ba ya shiri da ƙura. In ta toshe matatar iska, mota ta dinga zuƙar mai, buji ya yi baƙi, tashin safe ya gagara. Dattin man kwalba kuwa, karbirato yake toshewa.

Babbar ɓarnar ta bazara ce, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ruwan rijiya da ake ɗura wa radiyato na barin tsatsa, hanyoyin ruwa su cushe. Allurar zafi ta hau, direba ya ƙi tsayawa don kada fasinja su sauka. Kan inji ya lanƙwashe, cinikin makonni ya tafi gareji.

Juyen mai duk kilomita 5,000, kakkaɓe matata, da duba ruwa kafin fita sun fi saukar da inji araha.